Marlin ko Klipper? Yadda aka kwashe kan firmware, wato manhajar da ke tuƙa injin, a zauren masu injin 3D na Yamai

Ɗan Wadata: Salamu alaikum. Raina a ɓace yake. Awa 14 injina Ender 3 na aiki, saura ƙiris, kuran ya ɗauke. Da ya dawo Klipper bai san inda ya tsaya ba, giram 300 na zaren roba na PLA sun tashi a banza. Klipper ba na garin da ake ɗauke wuta ba ne. Marlin ko da tsoho ne, ka ba shi umurnin M413 S1 yana rubuta inda ya kai cikin katin SD, wuta ta dawo ya ɗora.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ɗana, wa ke tsoho? Marlin 2011, Klipper 2016. Shekara 5 ce tsakani.

Mai Walda: Kawu, da girmanka, ba shekaru ake nufi ba. A ce za ka ƙara BLTouch, na'urar auna daidaiton faranti, a Marlin. Sai ka buɗe Configuration.h, ka sake haɗa firmware a PlatformIO, ka zuba shi a katin FAT32, kuma in ba ka sake ma fayil suna ba allon 4.2.2, wato ƙwaƙwalwar Ender 3, ya yi kamar bai gani ba. A Klipper printer.cfg za ka gyara, ka buga RESTART, shi ke nan.

Kawu: Sau nawa ake ƙara BLTouch? Gyaran kullum ba ya son wannan wahala. M92 E93 don matakan tura zare, M303 don daidaita zafi (PID), M500 ya ajiye.

Hajiyar Yantala: Kuma tun 2.1.2 Marlin na da M593 mai kashe inuwar girgiza a jikin aiki. Tsoho na koyon sabon abu?

Mai Walda: Hajiya, da ido ake auna shi, ka buga hasumiya ka ƙirga layuka. Mu a Klipper ADXL345, na'urar auna girgiza, muke ɗaurawa a kan injin, SHAPER_CALIBRATE ya ba mu lambar X da Y. Ku gwada Linear Advance na Marlin, mai daidaita matsin zare, a allon 4.2.2 mai direban mota TMC2208, motar zare na iya tsayawa cak a tsakiyar aiki.

Hajiyar Yantala: Laifin allo ne wannan.

Ɗan Tawa: Duk wanda ya ce Marlin tsoho ne bai haɗa shi da OctoPrint, manhajar sarrafa injin daga nesa, ba.

Mai Walda: OctoPrint da ke tura umurni layi-layi ta USB? A kwana mai gutsattsarin layuka injin ya riƙa sarƙewa, aiki ya fito da ƙuraje. Kuma M413 ɗin naku sai daga katin SD yake aiki, ta USB babu shi.

Autan Zaure: Ni dai a shafukan sarrafa Klipper, Fluidd ya fi Mainsail.

Ɗan Tawa: Auta, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duka kan Moonraker, mai haɗa su da Klipper, suke zaune. Kala kake zaɓe.

Autan Zaure: Yaya, kai da ba ka taɓa buɗe ko ɗaya ba?

Kawu: A'a, yara, a yi ladabi. Har yanzu ina jiran a janye kalmar tsoho.

Ɗan Wadata: Jama'a, maganar wuta fa na kawo.

Hajiyar Yantala: Ɗan'uwa, ko Marlin ne, in faranti ya huce PLA kan saki gilashi, ba abin da za a ɗora a kai. Ondilar, wato UPS mai batirin riƙe wuta, kake so, wadda ta ɗauki fiye da watt 350, har da Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar da Klipper ke aiki a kai, don yanke masa wuta kwatsam na ɓata katinsa.

Autan Zaure: A Fluidd komai na shafi guda.

Shugaban Zaure: To, mu rufe. Abin da aka cimma: Klipper ya fi sauƙin gyara, ya fi auna girgiza, Mainsail ne ya dace da shi. Masu Marlin ma sun yarda da matsalar allon 4.2.2. Batun wuta ba na firmware ba ne.

Kawu: Malam, yaushe munka yarda?

Ɗan Wadata: Ondilar mai ƙarfin VA nawa zan nema a kasuwar Katako?