Neman shawara: Hilux mai fetur ko mai gas, wacce ta fi sauƙin riƙewa a Sakkwato?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe a-kori-kura, ko masu gyaranta. Ni manomin albasa ne, gonata tana fadamar wajen Wurno, kuma ina ɗan saye a hannun maƙwabta in kawo cikin gari. Wani lokaci nakan kai kaya Illela ranar Lahadi. Shekara biyar ke nan ina biyan kuɗin hayar mota, abin ya ishe ni, musamman lokacin ɗiban albasa da kowa ke neman mota rana ɗaya. Bara buhuna sun kwana biyu a bakin gona saboda direban da muka yi magana da shi ya samu wanda ya fi ni biya.

Yanzu Allah ya hore mini ɗan abin da zan sayi tawa. An nuna mini Hilux biyu na hannu, shekarunsu kusan ɗaya. Ɗaya mai fetur ce, injin 2.7. Ɗayar mai gas ce, wato dizal, injin 2.5 mai tobo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi), kuma ta fi mai fetur ɗin tsada da naira miliyan biyu da rabi. Dillalin ya ce mai gas ba ta shan mai, cikin shekara ɗaya zan mayar da bambancin. Ƙanena kuma ya ce kar in kusance ta. Abin da nake son sani shi ne kuɗin riƙo gaba ɗaya: mai, juye, kayan gyara, da abin da zan samu ranar da zan sayar. A lissafina zan yi kamar kilomita 1,500 a wata lokacin aiki, da damina kuma sai kai taki da 'yan zirga-zirgar gida. Wannan kuɗin gumin shekaru ne, ba na son in zuba shi inda zan yi da-na-sani.

Wani malamin makaranta:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sa albarka. Mu fara da maganar dillali, don lissafi ne, ba sai an yi gardama ba. Gaskiya ne injin gas ya fi tsimin mai, saboda lita ɗaya ta gas ta fi ta fetur ƙarfi, kuma injin yana matse iska sosai kafin ya ƙone man. Mu ɗauka mai fetur tana shan lita 12 a kilomita 100, mai gas kuma lita 9. A kilomita 1,500 ɗinka, lita 180 ke nan da lita 135. To a ce fetur naira 1,000 ne, gas 1,100, misali kawai, kai ka sa farashin da ka gani yau a gidan mai. Mai fetur za ta ci 180,000 a wata, mai gas 148,500. Rarar 31,500 ce. Ko da wata goma sha biyu kake aiki haka, 378,000 ne a shekara. Kafin ka mayar da miliyan biyu da rabi sai ka haura shekara shida, kuma kai da bakinka ka ce da damina motar ba ta yin wannan tafiyar. Shekara ɗayan da aka faɗa maka ba ta fito ba ko kusa.

Abin da za ka riƙe: da waɗannan alƙaluman, muddin litar gas ba ta ɗara ta fetur da kashi ɗaya bisa uku ba, mai gas ce ke da sauƙi a kowace kilomita. Idan ta wuce haka, ribar ta tafi.

Wani mai gareji:

Alhaji, shekarata ashirin da ɗoriya ina kwance injin, bari in gaya maka abin da ke shigowa garejina. Injin fetur ɗin nan shi ake kira 2TR. Sarƙa gare shi a taimin, ba bel ba, kuma matsalarsa ba ta wuce fulogi, koyil, famfon cikin tanki, sai in an bar shi ya tafasa. Yaron da ya yi shekara uku a wurina zai iya duba maka shi. In ta tsaya maka a Kware ko Gwadabawa, za ka samu wanda zai tayar da ita, kuma kayanta suna nan cikin gari.

Mai gas ɗin kuwa 2KD ne. Inji ne mai kyau, ba na kushe shi, amma nozul ɗinsa, wato masu fesa mai cikin inji, kwamfuta ke sarrafa su, kuma man yana shiga da matsi mai tsananin gaske. Ƙofofin nozul ɗin sun fi ƙofar allura ƙanƙanta. Ɗan ruwa ko ƙasa ko kananzir ya shiga, sai ka ji ta fara ƙwanƙwasa da safe, tana hayaƙi, ƙarfi ya ragu. Nozul huɗu ne, ba a cika canza ɗaya a bar uku ba, kuma na asali sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Bayan an ɗaura ma sai an sa mata kwamfuta an shigar da lambar kowanne. Gyara ɗaya irin wannan zai iya cinye rarar man da Malam ya lissafa maka ta shekara guda, har ya nemi ciko. Ga tobo, wanda ƙurar hunturu ke kashewa idan ana wasa da filtar iska. Ga bel ɗin taimin da kamfani ya ce a canza a kilomita 150,000, kuma a motar hannu ba ka san gaskiyar mitarta ba, don haka ranar da ka saya sai ka canza.

Juye ma ba ɗaya ba ne. 2TR yana ɗaukar lita biyar da rabi ko ɗan sama, 2KD kusan bakwai, kuma man juyen injin gas daban ne. Filtar gas ɗin ma ba a yi mata jinkiri.

Da a ce tsohon injin 5L ne, wanda ba shi da tobo, da magana ta canza. Wannan yana haƙuri da man da ba shi da kyau. Sai dai ba shi da gudu, kuma samun mai lafiya yanzu sai an tona.

Wani tsohon direba daga Gwadabawa:

Ɗana, ni ban yarda a tsorata ka ba. Na tuƙa duka biyun. Wanga aiki naka na fadama ne, kuma duk wanda ya taɓa fitowa da buhun albasa daga cikin yashi ya san bambanci. Mai gas tun tana ƙasa-ƙasa take ja, ba sai ka taka totur har ƙasa ba. Mai fetur in anka yi mata lodi sai ka yi ta ba ta wuta kana wasa da kuloci, har ka ji warin shi. Kuma lita 12 da Malam ya ce, ba kaya ne. Ka ɗora mata lodi cikin zafin watan huɗu, ka kunna sanyi, ka gani in ba ta haura ba. Mai gas ko da kaya shanta ba ya tashi haka. Wadda munka yi aiki da ita shekara bakwai ba mu taɓa kwance nozul ba, don mai gidana wuri ɗaya yake shan mai, kuma duk juye biyu sai an sake filta. Mota amana ce, yadda ka riƙe ta haka za ta riƙe ka.

Mai gareji ya sake cewa:

Baba, maganarka dutse ce, ban musa ba. A wajen jan kaya mai gas ce gaba. Amma ku sabuwa kuka ɗauko, kun san abin da ta sha tun ranar farko. Shi kuwa Alhaji ta hannu zai saya, bai san hannu nawa ta bi ba.

Wata Hajiya mai sana'ar shinkafa:

Ɗan uwa, ni abin da ya same mu zan faɗa maka. Muna da irin wannan mai gas ɗin, tana kawo mana shanshera daga ƙauye. Wata rana man ya ƙare wa direba a hanya da yamma, ya sayi jarka ɗaya a bakin titi. Kwana uku bayan nan fitilar da ke nuna ruwa ya taru a filtar mai ta kama a gaban mota, shi kuma bai san ma'anarta ba, ya ci gaba da aiki. Ranar da aka kai ta gareji ina tsaye makaniken ya kwance ƙasan filta ya tsiyaye cikin gorar ruwa. Muna kallo man ya rabu biyu, ruwa ya kwanta ƙasa kamar yatsa biyu, na saman kuma warin kananzir yake. Sati uku motar tana ajiye ana jiran kaya daga Kano, a daidai lokacin da shinkafa ke shigowa. Kuɗin gyaran ya yi mana ciwo, amma hayar motar da muka koma yi cikin sati ukun nan ta fi ƙona mini rai, ga tamu a tsaye.

Ban ce kar ka saya ba, har yanzu muna da ita kuma tana aiki. Amma in ba kai za ka riƙa tuƙawa da kanka ba, ka yi tunani sosai. Yanzu ni da kaina nake biyan kuɗin mai a gidan mai guda, direba ba ya riƙe kuɗin mai.

Wani ma'aikacin gidan mai:

Ƙarin bayani kan farashi, don kar a ɗauka yadda yake yau haka zai dawwama. Gas an daɗe da cire masa tallafi, fetur kuwa gwamnati ta ci gaba da tallafa masa har 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. A 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, gas ya kai wajen naira 800 alhali fetur a hukumance bai kai 200 ba. Lokacin duk mai motar gas kuka yake, shi ya sa Hilux mai fetur ta cika ko'ina. Bayan cire tallafi fetur ya haura 500, ya zo ya wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Gas kuma ya sauko bayan matatar Dangote ta fara sayar da shi a watan Afrilun 2024. To a lokacin sai suka matso kusa da juna, kuma kowanne kasuwa ce ke juya shi. Mu nan Sakkwato kuma kullum da ɗan ƙari a kan farashin Legas saboda nisan da tanka ke yi.

Wani abu da nake gani kullum: ba kowane ƙaramin gidan mai na ƙauye ke da gas ba. Inda manyan motoci ke sha, irin hanyar Kalambaina da masu ɗaukar siminti ke bi, man ba ya daɗewa a tankin ƙasa. Inda ba a saye sosai kuwa yakan jima, ruwa ya taru a ƙasansa. Ka duba hanyarka ta Wurno ka ga ina za ka riƙa sha.

Wani matashi:

Kawu, a ƙara da maganar CNG, wato iskar gas da ake ta mayar da motoci kanta. Injin fetur ya fi sauƙin mayarwa. Amma kar ka sa shi cikin lissafi sai ka tabbatar akwai wurin cikawa a hanyar da kake bi, kuma tukunyar za ta ci maka wurin buhu a baya.

Wani mai sayar da motoci:

Alhaji, ta fuskar sayarwa, a abin da nake gani a wurina mai fetur ta fi saurin fita, don mai saye ba ya tsoron gyaranta. Mai gas tana da masu nemanta, amma su sun san abin da suke so, za su zo da makanikensu su matse farashi. Ko wacce za ka ɗauka, ka je da sassafe kafin a tayar da ita, ka taɓa injin ka ji da sanyi, sannan a tayar a gabanka. Mai gas in ta yi ta jan sitata ko ta yi farin hayaƙi mai yawa, ka bar ta. A sa mata kwamfuta a karanta nozul ɗaya bayan ɗaya. A leƙa ƙarƙashi a ga sifirin da shasi, don motar da ta sha lodi nan take nunawa. In kuma 'yar Turai ce ta baya-bayan nan mai matatar hayaƙi a salansa, ka tambayi makanike tukuna, tana yawan toshewa da irin man da gajerun tafiye-tafiyenmu. Takardun kwastan kuma a tantance su kafin ka biya ko sisi.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, maganarka ta yashi ta tsaya mini a rai, don daga gonata zuwa kwalta akwai wurin da ko amalanke sai an tura. Amma na zauna da lissafin Malam, na sa farashin da na gani yau da watannin da nake aiki da gaske, sai na ga bambancin ba zai dawo ba sai bayan shekaru masu yawa. Kuma ɗana ne zai riƙa tuƙawa mafi yawan lokaci, ga abin da Hajiya ta faɗa. Zuciyata ta karkata ga mai fetur, in rage lodi a wurin yashin in yi sawu biyu zuwa bakin hanya, rarar kuɗin kuma in sa sababbin tayoyi in ajiye saura don gyara. Mai gareji, idan ba damuwa, jibi da safe nake son zuwa ganinta. Me zan fi sa wa ido a 2TR ɗin?

Mai gareji:

Ba damuwa Alhaji. Tun injin na da sanyi ka buɗe murfin lagireto, ka ga ko ruwan na da tsatsa ko maiƙo. Ka buɗe murfin man juye ka duba cikinsa, in ka ga abu kamar madara to mai yiwuwa gaskit ya ƙone. Da an tayar ka saurari gaban injin, sarƙar taimin in ta saki za ka ji ƙara na 'yan daƙiƙu. Sannan ka nemi a ɗora mata buhu ko biyar ne, ku hau hanya da tsakar rana, idonka na kan allurar zafi. Ka kuma tabbatar mai giyar taimako ce mai jan ƙafa huɗu, ka sa a gwada ta a cikin yashi a gabanka, don akwai masu kama da ita da ƙafa biyu kawai suke ja.