"Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi": a bakin wa ta dace?

Ɗan Bagalam: Jama'a salamu alaikum. A majalisarmu ta nan Maradi ana gardamar rushe rumfunan bakin hanya don a faɗaɗa kwalta, sai wani ya rufe bakin kowa da "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi". Wai masu bin hanyar sun fi masu rumfunan yawa, magana ta ƙare. Nan ne muhallinta kuwa?

Mushe na Zariya: Ni ina ga ta zauna. Turawa ma suna da irin wannan ra'ayi. Jeremy Bentham na Ingila ya rubuta a 1789 cewa a auna daɗi da wahalar da doka za ta jawo, a bi wadda amfaninta ya rinjaya ga jama'a. Mu duba garin nan. Da ambaliyar 1945 ta ci tsohon Maradi a fadamar Gulbi, an tayar da mutane an maido su tudu. Akwai waɗanda suka bar gidan kakanni da hawaye, amma wa zai ce a koma yau?

Tsohon Mokoyo: Mushe, tarihinka daidai, karin maganar ce ka ɗora wa jakin da ba nata ba. Iyayenmu na faɗinta in talakawa sun haɗa kai sun kayar da mai ƙarfi. Wanda ya zo da katafila da 'yan sanda, ai shi ne sarkin ƙarfin. Ya kuma ari sunan sarkin yawa?

Hajiya mai ƙuli-ƙuli: Allah ya ja kwana, Baba. Ni an taɓa yi mini. Da safe na tarar da jan fenti a ƙyauren rumfa, kafin wata ya mutu langa-langata tana tsibe gefen lambatu, kaskon suya a kife. Hanya ta yi kyau, ni ma ina binta. Amma ko dala ba a ba ni ba, kuma masu lissafin babu wanda aka taɓa wa katanga. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Almajirin Sabon Gari: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Malamanmu na Malikiyya sun san maslaha, kuma akwai ƙa'idar a jure cutar da ta keɓanta don a tunkuɗe wadda ta game. Sai dai da Sayyidina Umar zai faɗaɗa Masallacin Harami, sayen gidajen maƙwabta ya yi; waɗanda suka ƙi, aka rushe aka ajiye musu kuɗinsu. Rushewar kawai mutanenmu ke tunawa.

Mushe na Zariya: To ai diyya ba ta saɓa wa Bentham ba. Wahalar Hajiya ma tana cikin ma'auni.

Direban Ɗan Isa: Ma'aunin wa, Mushe? A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, wai don manoman shinkafarta. Wataƙila a lissafinsu riba ce. Mu da motocinmu suka yi ta kwana tsakanin Jibiya ta Najeriya da Ɗan Isa ta Nijar, da 'yan dako da masu tuwo a tasha, ba mu cikin "yawan" da aka ƙirga, don ba mu da ƙuri'a a can. Sai Disamban 2020 aka fara buɗe wasu iyakokin, ta Jibiya kuwa sai Afrilun 2022, lokacin wasu sun riga sun sayar da motocinsu.

Ɗan Bagalam: Baba, in an koma majalisa gobe zan so ka zo da kanka, ni ba za su saurare ni ba.