'Yata na son kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka a makarantarsu, in bar ta?

Maman Ikram: Salamu alaikum. Muna Columbus ta jihar Ohio, 'yata tana aji goma a sakandaren gwamnati, unguwar kusan duk Turawa ne. Akwai ƙungiyar ɗalibai baƙar fata, BSU, amma ita da 'yan Somaliya biyu da wata 'yar Gana sun dage sai sun kafa tasu ta 'yan Afirka. Juma'a za a rufe karɓar takarda. Ta shiga wadda ake da ita, ko in ƙyale ta? Karatunta nake ji.

Baban Zango: Hajiya sa ta ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSA, ki huta. Mu a Bronx ta birnin New York tun 2015 ake rufe makarantu ranar Sallah.

Maman Ikram: Alhaji ai babu MSA a makarantar.

Umman Faisal: Ni kam kada a yi mini zancen BSU. Ɗana ya zo Greensboro ta jihar North Carolina daga Maradi yana ɗan sha huɗu, Faransanci ne a bakinsa. Ranar farko ya ɗauki kwanonsa ya nufi teburin baƙaƙe, a ganinsa 'yan uwa ne. Yana buɗe murfi suka toshe hanci, wai daddawa, suna kwaikwayon Turancinsa, wani na tambayarsa ko da zaki yake kwana. Wata uku kullum sai in tarar da shinkafar a jaka yadda na zuba ta, ya ce ba ya jin yunwa. Ashe ɗakin karatu yake ɓuya har a tashi. Malama ce ta kira ni, ranar a mota na yi kukana. Yanzu yana jami'a, amma har yau ba ya cin abincinmu a gaban mutane.

Maman Ikram: Subhanallah. Allah Ya huci zuciyarki, Yaya.

Anti Sadiya: Abin da ciwo, amma shaƙiyyan yara huɗu a teburi ba su ne ƙungiya ba. Tawa a BSU ta yi ƙawayenta, a taron watan Fabrairu na tarihin baƙar fata ita ta yi bayanin Sarauniya Amina. Kuma mu riƙa tunawa, gwagwarmayar kakanninsu ce ta share hanyar dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe wa irinmu ƙofa. Maman Ikram, ko wacce ta zaɓa sai da malamin da zai tsaya musu, kuma ba a hana kowa shiga saboda launin fata. Mu dala 10 muke biya a shekara.

Umman Faisal: Taki a nan aka haife ta, harshenta irin nasu ne. Ba ɗaya ba ne.

Baban Zango: Dala 10 kuma? Namu kyauta ne.

Gwaggo Ladi: Kyauta a baki! Ranar taron al'adu dala 150 na kashe a dafa-duka da zoɓo, ga kuɗin riga dala 25 daban.

Ɗan Fagge: Ni dai shawarata a maido ta Kano ta yi makarantar kwana.

Anti Sadiya: Malam, ka taɓa taka Amurka kuwa?

Ɗan Fagge: Ban taɓa ba, amma 'ya'ya tara na tarbiyyantar. Ke nawa?

Sarkin Shayi: Ni dai idan an kafa, a ba ni ma'aji. Zoɓon Gwaggo ma ni zan riƙa ajiyewa.

Gwaggo Ladi: Kai da ka ambaci ma'aji, kuɗin taron Sallar bara na ƙungiyarmu ta manya fa? Kowane gida dala 50, ba mu ga ko ruwan gora ba. Muna son yara su haɗa kai, mu kuwa 'yan Najeriya da zaurensu, 'yan Nijar da nasu, 'yan Zango da nasu.

Baban Zango: Gwaggo a kiyaye harshe. Rasit na wurin sakatare.

Gwaggo Ladi: Wanne daga ciki? Ai biyu ne yanzu.

Maman Ikram: Jama'a, takardar fa, in sa hannu ko kuwa?

Baban Zango: Bari in nemo rasit ɗin tukuna, Hajiya.