Mene ne amfanin likitan iyali ga tsoho mai inshorar lafiya?

'Yar Dattijo ta rubuta:

Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 70, yana fama da hawan jini da ciwon sukari, ga kuma ciwon gwiwa da ya matsa masa a bana. Yana da inshorar lafiya, amma ƙa'idarsu ita ce sai ya zaɓi likita guda wanda zai riƙa fara gani, kuma shi ne zai rubuta takardar tura shi wurin ƙwararre idan buƙata ta taso. Tun da an san cututtukansa, kuma kowacce tana da ƙwararrenta, me zai hana ya wuce kai tsaye wurin likitan zuciya ko na ƙashi? Shin wannan likita yana da aiki na gaske, ko kuwa shinge ne aka gitta don a rage kashe kuɗi?

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ki duba gwiwar nan da kika ambata. Likitan ƙashi zai iya rubuta masa diclofenac ko ibuprofen, kuma ta fuskar gwiwa bai yi laifi ba, sai dai waɗannan magunguna suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna iya jawo gyambon ciki, sannan suna wahalar da ƙoda, wadda dama shekaru da ciwon sukari sun saba taɓawa. Idan ƙodar ta yi rauni, metformin ɗin da masu sukari da yawa ke sha shi ma sai an rage shi, ko a dakatar da shi idan ma'aunin tacewar ƙoda ya sauka ƙasa da 30. Wanda zai hango wannan sarƙaƙiya shi ne likitan da fayil ɗin Baba yake gabansa gaba ɗaya, domin kowane ƙwararre sashensa yake kallo.

Da zarar tsoho ya kai yana shan magani iri biyar ko fiye a kullum, haɗarin karon magunguna yana ƙaruwa sosai. Tun 1991 likita Mark Beers na Amurka ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi hattara da su ga tsofaffi, kuma har yau ana sabunta shi. Cikinsu akwai magungunan barci irin su diazepam, masu jawo jiri da faɗuwa. Shawarata ita ce, ranar ganin likita ku tattara duk abin da Baba yake sha a leda guda, har da wanda aka saya ba da takardar likita ba, ku zube masa a kan tebur. Sau da yawa a nan ake gano mutum yana shan magani ɗaya sau biyu saboda sunayen da ke jikin kwalayen sun bambanta.

Tsohon Ma'aikacin Inshora ya amsa:

Malama, zarginki bai faɗi ƙasa banza ba, domin rage kashe kuɗi yana cikin dalilan wannan ƙa'ida, kuma ba kowane tsari ne yake gindaya ta ba. A Amurka, asalin tsarin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati, wanda aka kafa a 1965 domin 'yan shekara 65 zuwa sama, ba ya neman takardar turawa, amma yawancin tsare-tsaren HMO, wato na kamfanonin inshora masu nasu jerin likitoci da asibitoci, suna nema. A Ingila kuwa likitan iyali ne ƙofar zuwa wurin ƙwararru. Abin da zan ƙara shi ne likitan nan garkuwarku ne a wajen kamfanin, domin idan gwaji mai tsada yana buƙatar amincewarsu tukuna, ko maganin da ya dace ba ya cikin jerin da suke biya, bayaninsa ne yake sa a amince. Ku tabbatar ƙwararren da zai tura ku wurinsa yana cikin waɗanda kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da su. Amma idan ƙirji ya yi ciwo mai tsanani, ko baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya mutu, kada a tsaya neman takarda, a garzaya sashen gaggawa.

Mai Jinyar Uwa ya amsa:

Ni abin da ya gamsar da ni shi ne tambayoyin da ba wanda yake yi sai likitan iyali. Likitan mahaifiyata ya sa ta tashi daga kujera ba tare da ta dafa komai ba, ta taka zuwa ƙofa ta dawo, sannan ya auna jininta tana zaune, ya sake aunawa tana tsaye. A nan ya gane jinin yana faɗuwa idan ta miƙe, ya rage mata magani guda, jirin safe ya tafi. Shi ne kuma yake tuna mana awon ido da duba ƙafafu da gwajin ƙoda na shekara-shekara, da allurar rigakafin mura da ta ciwon huhu.

Matsalar da ban ɓoye ba ita ce lokacin ganawa gajere ne, tsofaffi kuma sukan ce lafiya lau ko da suna jin jiki. Saboda haka ki rubuta damuwarku tun daga gida, ki fara da mafi girma, ki shiga tare da Baba idan ya yarda. Idan an taɓa kwantar da shi, ku kai wa likitan takardar sallama a cikin makon farko, domin a asibiti ake yawan sauya magunguna. In kuma kuka ga ba ya sauraro, ku nemi kamfanin ya sauya muku wani.