Me ya faru ranar da kuka ɗaga kyamara a titin Kano?

Mai buɗe zance, daga Gwale:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina yawo da kyamara a cikin birni, kuma har yanzu gabana yana faɗuwa duk lokacin da zan ɗaga ta a bainar jama'a. Ina so kowa ya faɗi abin da ya taɓa samunsa, ni zan fara da nawa.

Farkon zuwana karofin Ƙofar Mata, wato wurin rini, inda allon bakin ƙofa ya nuna an kafa shi a shekarar 1498, ina shiga na hangi wani dattijo a bakin ramin baba, hannuwansa sun rine har gwiwar hannu, sai kawai na durƙusa na fara ɗauka. Ya saki ƙyallen da ke hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Yaro, a gidanku ba a yin sallama?" Kunya ta rufe ni. Na ajiye kyamarar, na gaishe shi yadda ya kamata, na zauna a kan wani dutse. Nan ya nuna mini yadda ake haɗa baba da toka da katsi, da yadda ƙyalle yake fitowa daga rami da ɗan kore-kore, sai ya sha iska sannan ya koma shuɗi, shi ya sa ake ta tsomawa ana ɗagawa. Sai da na yi kusan awa ɗaya a zaune kafin ya ce in ɗauka.

Wata 'yar uwa, daga Hotoro:

Wa alaikumus salam. Ni yawancin hotunana daga cikin adaidaita sahu nake ɗaukarsu da waya, domin tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 ta zama abin hawan kowa, kuma kujerar baya tana ba mutum damar kallon gari ba tare da ya tsaya wa kowa a gaba ba. Abin da ya fi burge ni shi ne rubuce-rubucen da ake yi a bayansu. Wata rana a cunkoson Kantin Kwari na ɗauki bayan wata da aka rubuta wa "Hassada ga mai rabo taki", ashe direban ya hango ni ta madubi. Ya sauko ransa a ɓace, yana zaton lambarsa na ɗauka zan kai ƙara. Da na miƙa masa wayar ya ga har ɗan tsuntsun da aka zana a gefen rubutun ya fito, sai ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, a turo mini ta WhatsApp." Kasancewata mace yana sa masu tuyar awara da ƙosai su saki jiki da ni, amma fuskar yarinya mai talla ba na saka ta a intanet, ko da ita ce ta roƙa.

Wani ɗalibi, daga Rijiyar Zaki:

Ni a kan gadar Ƙofar Nassarawa abin ya same ni, dab da magariba, ina son in kama jerin fitilun motoci. Wani jami'in tsaro ya kira ni, ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya sa na goge huɗu da motarsu ta fito a ciki. Ban yi gardama ba. Garin da ya ga hare-haren bama-bamai na ranar 20 ga Janairu, 2012 ba zai rasa zargin baƙon da ke tsaye a kan gada da kyamara ba. Tun daga ranar da jami'in nan ya kira ni nake yawo da katin makaranta, kuma idan na ga shinge sai in sauke kyamarar tun daga nesa.

Wani dattijo, tsohon mai hoto a Fagge:

'Ya'yana, na karanta bayananku, kuma ina da ɗan ja a kan maganar neman izini. Gaisuwa wajibi ce, wannan babu musu. Amma da zarar ka ce wa Bakano za ka ɗauke shi hoto, sai ya gyara zaman hula, ya kakkaɓe riga, ya haɗe fuska kamar za a yi masa fasfo, abin da ka gani ka so kuwa ya riga ya wuce. A zamanin fim, lokacin da ɗauka 36 kawai ke gare ka kafin ka kai wanki, ba ma wasa da ko ɗaya. Abin da nake yi shi ne in zauna a teburin mai shayi kwana uku ko huɗu, kyamarar tana rataye a wuyana kowa yana gani, har 'yan dako da 'yan ga-ruwa su saba da ni su daina kula ta. A rana ta huɗu na samu hoton da na fi so a rayuwata: ɗan dako da dila a ka, ya karkata zai wuce tsakanin kura da bas, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Da ya sauke kaya na same shi na faɗa masa, ya ce ba komai.

Kuma ina roƙonku kada ku tsaya a kan mutane kawai. Ina da hoton tsohuwar Ƙofar Na'isa kafin a rushe ta a 2010 domin faɗaɗa titi, kuma a lokacin da na ɗauka abokaina dariya suka yi mini, wai na ɓata fim a kan ƙasa. Shataletalen gaban gidan gwamnati ma da aka rushe a 2023, matasa da yawa sun yi shekaru suna zagaya shi ba su taɓa ɗauka ba. Dalar gyada kuwa, wane ne a cikinku ya san ta in ba a hoto ba?

Ɗalibin ya ƙara da cewa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Dabarar nan ba ta aiki a kan yara. Na hau Dutsen Dala da sassafe a cikin hunturu, hazo ya rufe gari har Goron Dutse ba ya ganuwa sosai, ina jiran rana ta ɗan ɗago, sai ga yara sun fi goma sun cika gaban kyamarar suna "a ɗauke mu". Sai da na ɗauke su, kowa ya leƙa ya ga kansa, sannan suka matsa, a lokacin kuwa hasken ya riga ya yi ƙarfi.

Mai buɗe zance:

Baba, maganarka ta hula ta tuna mini ƙarshen labarina. Bayan mako biyu na wanke hoton dattijon nan na karofi, na kai masa har bakin raminsa. Ya goge hannu a jikin tsumma, ya riƙe shi ta gefe don kada ya ɓata, ya daɗe yana kallo. Bai ce komai a kan shuɗin ƙyallen da na sha wahalar kamawa ba. Cewa ya yi hularsa ta karkace, in dawo ranar Juma'a in sake ɗaukarsa da babbar riga.