Wane kuloci ya dace da Vespa da aka ƙara wa ƙarfi?

Masu tsofaffin Vespa da wasu makanikai sun tattauna wannan batu a Agege, cikin Legas, ga abin da hirar ta tsaya a kai.

Kulocin asali na tsohuwar Vespa samfurin PX 150 mai sifirin 6 ne, an yi shi daidai ƙarfin injin kamfani. Da zarar an sa silinda mai 177cc da babban salansa, sai ya fara sulɓi: injin na ihu, babur na jan ƙafa. Yawanci sun fi karkata ga kulocin Cosa (wani samfurin Vespa) mai sifirin 8 da faifai 4, amma wanda aka ɗaure kwandonsa (gidan da faifan ke ciki) da zoben ƙarfe, domin kwandon ne ke buɗewa idan injin ya yi gudu sosai. Sai dai ya fi na asali girma, galibi sai an ɗan goge cikin murfin kulocin kafin ya zauna. A kuma ƙirga haƙoran giyarsa, su dace da na injin.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne sifirin. Matasa na son masu tauri. Wani dattijon makanike ya ce wa ɗayansu, "Yaro, shiga gosulon Oshodi da shi awa guda, hannunka na hagu zai ba ka amsa." Ni ma nan na tsaya: a Legas matsakaicin tauri ya wadatar.

Kan man giya babu gardama: mai lamba SAE 30, ban da man mota na zamani mai sa faifai santsi, kuma a jiƙa sababbin faifan a ciki kafin a ɗaura.