Shawarwarin da aka ba ƙaninmu kan wasan iska a tafkin Erie

Jiya a majalisarmu ta Zoo Road hira ta koma kan wasan nan da mutum ke tsayawa kan allo a ruwa, iska na jan shi da ƙatuwar laima ko filafili, saboda ƙaninmu da ke karatu a jihar Ohio ta Amurka ya ce zai gwada a tafkin Erie, wajen garin Marblehead da tsibiran Kelleys da South Bass.

Wani yayanmu da ya zauna can ya ce ƙane, fara duba inda iska ta dosa. In daga tudu take kaɗawa zuwa tsakiyar ruwa kar ma ka shiga, gaba za ta yi da kai, wadda ake so ita ce mai zuwa a karkace ta nufo gaɓa. Bayan tsibiri kuma iska ba ta da amana, yanzu shiru anjima ta fizge ka. Erie ya fi sauran manyan tafkunan yankin rashin zurfi shi ya sa igiyar ruwa ke tashi nan da nan, ga jiragen fito masu kai mutane tsibirai, a ba su hanya.

Watan Afrilu ruwan sanyi ƙarara ne, sai da rigar roba mai tare sanyi. Rigar ceto da mai koyarwa kam dole.

Wani ya ce mu gwada a dam ɗin Tiga da hunturu, aka ce Malam fara koyon iyo tukuna.